Sabon Saiti a Dandamali Guda: Yadda Java Ta Koma UTF-8 da Makomar Haruffanmu Masu Ƙugiya

Duk ɗalibin Hausa da ya taɓa kai aikinsa shagon buga takardu ya san wannan cuta. An rubuta ƙasa, sai ta fito a matsayin Æ™asa. An rubuta ɗaki, sai a ga É—aki, wani lokaci ma ?aki. Mai shago ya ce laifin kwamfutarka ne, kai kuma ka ce tasa ce ta tsufa. Sau da yawa kuwa dukkan na'urorin biyu lafiyarsu lau, saitinsu ne kawai ya sha bamban. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda ake sauya irin wannan saiti a kan babban dandamali, da dalilin da ya sa sauyin yake cin shekaru. Za mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki, wato harshen rubuta manhaja da ake kira Java, wanda kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya fitar a 1996, kuma ya koma hannun kamfanin Oracle a 2010.

Saiti da Dandamali

Saiti shi ne zaɓin da ake yi wa manhaja a kan yadda za ta gudanar da aikinta, kamar harshen da za ta yi magana da shi, da yadda za ta rubuta kwanan wata, da tsarin da za ta bi wajen adana haruffa. Akwai saitin da mutum yake zaɓa da hannunsa, akwai kuma wanda yake tararwa an riga an zaɓa masa. Wannan na biyun shi za mu kira saitin asali, kuma shi ya fi ƙarfi, domin mafi yawan mutane ba sa taɓa shi, da yawa ma ba su san da zamansa ba.

Dandamali kuwa tarin kayan aiki ne da dubban masu rubuta manhaja suke gini a kansa, bisa rubutacciyar ƙa'ida guda. Java dandamali ce ta wannan fuska. A cikinta akwai sashen karanta fayil, da na rubuta shi, da na aika saƙo ta intanet, da na nuna rubutu a allo, kuma mutane daban-daban ne suka rubuta su a lokuta daban-daban. Ɗalibin harshe ba zai sha wahalar gane matsalar ba, domin ya san tarihin ƙa'idojin rubutun Hausa. An yi taro a Bamako a 1966, an yi a Yamai a 1980, amma har yau Nijar tana rubuta ƴ, mu a Nijeriya muna rubuta 'y, wasu jaridun kuma ba su sa ƙugiya ko ɗaya. Yanke shawara a zauren taro aikin 'yan kwanaki ne. Sa kowane marubuci da kowace maɗaba'a su bi shawarar shi ne aikin shekaru. To haka abin yake ga manhaja.

Harafi a Idon Kwamfuta

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tana adana bayani a ƙananan ma'aunai da ake kira bayit, kowane bayit kuma yana ɗaukar lamba ɗaya daga 0 zuwa 255. Saboda haka dole a sami jadawalin da zai ce lamba kaza ita ce harafi kaza. Jadawalin ASCII da aka tsara a Amurka a shekarun 1960 yana da gurabe 128 kacal, waɗanda suka wadatar da Ingilishi. A cikinsa ƙaramin k shi ne lamba 107. Daga baya aka cike sauran guraben har zuwa 255, sai dai kowane yanki na duniya ya cike su da nasa haruffan. Yammacin Turai suka sami ISO 8859-1 da ɗan'uwansa windows-1252, Rasha da Girka da ƙasashen Larabawa kowa da nasa jadawalin. A cikin jadawalin Yammacin Turai, wanda shi kwamfutocinmu suka zo da shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ.

Malamanmu ba su zauna jira ba. Aka ƙirƙiro fon na Hausa, wato zanen haruffa na musamman, irin su Rabiat da Abdalla, waɗanda suka yi wa sassan Hausa na jami'o'i hidima mai yawa. Dabarar irin waɗannan fon ita ce a ari gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba, a zana harafi mai ƙugiya a wurinta. Ido yana ganin ƙ, kwamfuta kuwa alamar } ta adana. Shi ya sa idan aka buɗe tsohon kundi a na'urar da ba ta da fon ɗin, sai a ga }asa da wa]anda da ~angare.

Maganin da duniya ta amince da shi shi ne Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991. Manufarsa ita ce kowane harafi na kowane harshe ya sami lambarsa shi kaɗai. Tun farkon shekarun 1990 haruffanmu suke ciki: ƙ lamba 409 ce, ƴ 436, ɓ 595, ɗ kuma 599. Mai karatu zai lura duk sun haura 255, ke nan bayit ɗaya ba zai ɗauke su ba. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara hanyar da ake kira UTF-8, wadda take barin haruffan ASCII a bayit ɗaya kamar da, sauran kuma ta ba su bayit biyu zuwa huɗu. A wannan tsari ƙ bayit biyu ce, 198 da 153. Idan manhajar da ke bin windows-1252 ta ci karo da su, sai ta karanta kowanne da kansa: 198 a jadawalinta Æ ce, 153 kuma ™. Asalin Æ™asa ke nan.

Ya kamata a nan a bambance ɓarna iri biyu, domin ba nauyinsu ɗaya ba. Idan aka karanta rubutun UTF-8 da tsohon jadawali, bayanin yana nan bai salwanta ba, sake buɗe shi da saitin da ya dace zai dawo da shi. Amma idan aka adana rubutu da tsohon jadawali, Java tana maye gurbin duk harafin da ba shi da gurbi da alamar tambaya, kuma wannan ba ta da magani. Wanda ya tarar da ?ari ba shi da hanyar sanin ɗari aka rubuta ko ƙari ko ɓari, sai dai ya yi hasashe daga jimla. Haka ?aya, tana iya zama ɗaya, tana iya zama ƙaya. A cikin labari jimla za ta taimaka. A jerin kalmomi na mai nazarin tsarin sauti ko mai haɗa ƙamus kuwa, babu jimlar da za ta cece shi.

Gida Ɗaya, Doka Biyu

Abin mamaki shi ne tun ranar farko Java da Unicode take aiki a cikin cikinta. Matsalar tana bakin ƙofa, wato lokacin shigo da rubutu daga fayil ko fitar da shi. Idan mai rubuta manhaja bai faɗi jadawalin da yake so ba, Java takan tambayi kwamfutar da take kai, ta bi duk abin da ta tarar. A kan Windows na Ingilishi sai ta ɗauki windows-1252, a kan na Japan ta ɗauki na Japananci, a kan macOS da yawancin na'urorin Linux na baya-bayan nan kuma UTF-8. Ke nan manhaja ɗaya, ba a sauya mata ko ɗigo ba, tana iya adana rubutu lafiya a ofis ɗaya, ta lalata shi a ofishin da ke kusa. Wannan kuwa ya saɓa wa babban alkawarin da aka tallata Java da shi, na cewa manhajar da aka rubuta sau ɗaya za ta yi aiki iri ɗaya a ko'ina.

Masu kula da dandamalin sun san da matsalar, sai suka fara gyara daga sababbin sassa. A siga ta 7 a 2011 aka kawo sabon sashen sarrafa fayil mai suna Files, a siga ta 8 a 2014 kuma aka ƙara masa hanyoyin karatu da rubutu waɗanda suke ɗaukar UTF-8 kai tsaye idan ba a faɗi komai ba. Tsofaffin sassa irin su FileReader da FileWriter aka bar su suna bin kwamfuta kamar da. A ganina wannan shi ne lokaci mafi hatsari a duk tarihin. Kafin nan doka ɗaya ce, ko da ba mai kyau ba ce, kowa ya san ta. Yanzu kuwa a cikin manhaja guda, a kan kwamfuta guda, wani ɓangare yana iya rubuta fayil da sabon tsari, wani ɓangaren ya karanta shi da tsoho. Ba kuma za a ga alamar komai ba muddin rubutun Ingilishi ne zalla, tunda haruffan ASCII lambarsu ɗaya a duk jadawalan biyu. Mai gwada manhajar da Ingilishi zai ce komai daidai. Sai ranar da aka shigar da sunan wani Ɗanladi ko garin Ƙanƙara sannan asiri ya tonu.

Akwai ma doka ta uku. Fayilolin saiti na Java, waɗanda a cikinsu ake ajiye fassarar kalmomin da manhaja take nunawa, an ƙayyade musu ISO 8859-1 tun farko. Mai fassara manhaja zuwa Hausa ba shi da damar rubuta ƙ kai tsaye, sai ya rubuta \u0199 a duk inda ta fito, ko ya bi ta wata 'yar manhaja mai suna native2ascii ta juya masa. Mai karatu ya kwatanta duba kuskuren rubutu a shafin da kowace ƙugiya ta koma lamba. Sai a siga ta 9 a 2017 aka ba fayilolin fassara damar zuwa da UTF-8, aka kuma yi ritayar waccan 'yar manhaja.

Babban sauyin ya zo ne a watan Maris na 2022, da siga ta 18, bisa wata takardar shawara mai lamba JEP 400. Daga wannan siga UTF-8 ta zama saitin asali a faɗin daidaitattun sassan dandamalin, ko wace irin kwamfuta ake kai. Shekara 26 ke nan bayan fitowar Java.

Me ya sa aka daɗe haka? Saboda duk saitin da ya yi shekaru, akwai dubban manhajoji da suka jingina da shi, wasu ba tare da masu su sun sani ba. Wani banki a Japan ko wata ma'aikata a Turai suna da fayilolin shekara ashirin da aka adana da tsohon jadawali. Ranar da saitin asali ya sauya, manhajarsu za ta fara karanta waɗannan fayiloli da UTF-8, ɓarnar da mu muke kuka da ita sai ta koma kansu. Sauyin da ya ceci ƙ yana iya kashe é ta Faransanci a tsohon fayil.

Hanyoyin da aka bi don rage wannan hatsari su ne darasin da ya fi amfani. An sanar da sauyin tun da wuri, aka kuma shawarci masu manhajoji su gwada su da UTF-8 a kan tsofaffin sigogi kafin ranar ta zo. A siga ta 17 a 2021 an ƙara wata kafa mai suna native.encoding, wadda manhaja za ta iya tambaya don sanin jadawalin kwamfutar da take kai, tunda nan gaba saitin asali ba zai ƙara gaya mata ba. An kuma bar ƙofar baya: wanda bai shirya ba yana iya sa kalmar COMPAT a saitin file.encoding, Java ta koma halinta na da. Bambancin shi ne yanzu mai son tsohon tsari shi zai nema da bakinsa, kuma za a ga neman a rubuce.

Duk da haka ba a share gidan tas ba. Rubutun da ake fitarwa a baƙin allon umarni an bar shi yana bin jadawalin allon, da gangan, domin allon ba mallakar Java ba ne, kuma aika masa UTF-8 alhali ba ya fahimta ba zai haifar da komai ba sai shirme. Haka kuma tsohuwar hanyar karanta fayil ɗin saiti kai tsaye daga bayit har yanzu ISO 8859-1 take bi. Na farkon uzuri ne mai hujja. Na biyun kuwa guntun tsohon zamani ne da ake tsoron taɓawa.

Bayan Haruffa, Sai Al'adar Rubutu

Adana harafi daidai rabin aiki ne. Manhaja tana kuma bukatar sanin sunayen ranaku da watanni, da yadda ake rubuta lamba da kuɗi a kowane harshe. A da Java tana da nata kundin na waɗannan bayanai, kuma Hausa ba ta ciki. Ƙungiyar Unicode kuwa tana kula da wani babban rumbu mai suna CLDR tun 2004, wanda manyan kamfanoni irin su Apple da Google da Microsoft suke ɗiba daga cikinsa. A nan Hausa tana da gurbi da alamar ha, har da rassa uku: ha-NG ta Nijeriya, ha-NE ta Nijar, da ha-GH ta Gana. A rumbun ne aka rubuta cewa ranar da ke bin Lahadi sunanta Litinin, kuma wajen jera kalmomi ɓ tana bin b, ɗ tana bin d, ƙ tana bin k. Manhajar da take jerawa da lambar harafi kawai takan jefa duk kalmomin da suka fara da ƙugiya can bayan z, abin da ba mai amfani da ƙamus da zai yarda da shi.

Java ta bi matakai irin na baya wajen komawa wannan rumbu. A siga ta 8 an shigo da shi amma sai an nema. A ta 9 ya zama saitin asali, tsohon kundin ya koma ƙofar baya. A siga ta 23 a 2024 aka cire tsohon kundin gaba ɗaya. Wato ƙofar baya ma tana da wa'adi, kuma haka ya kamata, domin in aka bar ta har abada, doka biyun nan ba za ta taɓa zama ɗaya ba.

Bin rumbu na bai-ɗaya yana da nasa farashi. A 2023, da siga ta 20, sabon CLDR ya sauya tazarar da ke tsakanin lokaci da alamar AM ko PM a Ingilishi, daga tazarar da aka saba zuwa wata siririya mai lamba daban. A ido kusan babu bambanci, amma manhajoji da dama da suke karanta lokaci daga rubutu suka fara tuntuɓe. Tazara guda, wadda ko furta ta ba a yi.

Ba Java kaɗai ta sha wannan hanya ba. Harshen Python ya sake tsarin rubutunsa a siga ta 3 a 2008, amma sai a farkon 2020 aka daina kula da siga ta 2. Rumbun bayanai na MySQL sai a 2018 ya bar jadawalin Yammacin Turai a matsayin saitin asali, manhajar Notepad ta Windows kuma sai a 2019. Ƙasar Myanmar ta fi kusa da halinmu. A can wani fon mai suna Zawgyi, wanda bai bi ƙa'idar Unicode ba, ya mamaye wayoyi har masu tsarin biyu ba sa iya karanta saƙon juna, sai da gwamnati ta tsayar da ranar 1 ga Oktoba 2019 a matsayin ranar komawa Unicode. Akwai kuma inda sauyin bai kai ba: gajeren saƙon waya yana ɗaukar harafi 160 a tsohon jadawalinsa, amma ƙugiya ɗaya tak ta isa ta mayar da shi 70. Mai yiwuwa wannan na daga abin da ya koya wa mutane da dama jefar da ƙugiya a waya.

Abin da Ya Rage a Hannun Ɗalibi

Sashen Hausa ma ɗan ƙaramin dandamali ne. Akwai kwamfutar malami, da ta ɗalibi, da ta mai shagon buga takardu, da ma'ajiyar kundaye ta ɗakin karatu, kuma rubutu ɗaya yake ratsa su duka. Halin da sassa da yawa suke ciki yau shi ne irin na Java tsakanin 2014 da 2022: wasu suna bugawa da Unicode, wasu da tsohon fon, wani kundin ma babi na ɗaya da wannan, babi na uku da wancan. Wanda ya nemi kalmar ƙasa a irin wannan kundi zai sami rabi ya rasa rabi, ya kuma ƙirga abin da ya samu ya kafa hujja da shi.

Gwajin gane tsarin da rubutu yake kai ba shi da wuya. A zaɓi kalma mai ƙugiya a sauya mata fon zuwa Arial ko Times New Roman. Idan ƙ ta tsaya a ƙ, Unicode ce. Idan ta koma } ko wata alama, tsohon tsari ne, kuma ana iya juya ta da umarnin nema da musanyawa, harafi bayan harafi, manya da ƙanana. Sai dai a yi hattara da kundin nazarin sauti, inda alamomin [ da ] suke da aikinsu na kansu wajen nuna furuci. Musanyawar makanta za ta mayar da su Ɗ da ɗ. A ajiye kwafin asali kafin a fara.

Mai tattara jerin kalmomi a Excel ya lura wajen adanawa, domin akwai CSV fiye da iri ɗaya a jerin zaɓin, kuma wanda aka rubuta wa UTF-8 shi ne yake tsare ƙugiya. CSV na yau da kullum alamar tambaya yake bari. Haka alamar da ke gaban y a 'ya'ya tana da siffofi uku ko fiye a Unicode: miƙaƙƙiya, da lanƙwasasshiya wadda Word yake sawa da kansa, da wata ta musamman mai lamba 700 da aka ware a matsayin harafi. A takarda kusan ɗaya suke, amma ga manhajar ƙirga kalmomi uku ne daban. Ƙungiyar ɗalibai da za ta tara matani tare sai ta zaɓi guda tun kafin a fara bugawa, ta rubuta zaɓin a shafin farko na aikin, ta kuma sa ranar da za a daina karɓar fayil mai tsohon fon.